Ku Zo Ku Ɗauki Akwatin Ɗalibinku Kafin Ruwan Ya Ƙafe

Zuwa ga Shugaban Sashen Kemistiri
na jami'ar da ɗana ya yi karatu,
ta hannun Edita, domin kowa ya zama shaida.

Ranka ya daɗe, Shehun Malami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka, ina yi maka murnar sabon gini. Na gan shi da idona lokacin da na zo, gilashi tun daga ƙasa har sama. Arzikin mai ya yi rana. Allah ya sa an shiga a sa'a.

Ni tsoho ne a unguwar Bolari cikin garin Gombe. Asalinmu Kanawa ne, auduga ce ta kawo mahaifina nan, ni kuma a gaban sikelin auduga na tsufa. Bokona na yaƙi da jahilci ne, in ka ga zance ya yi tsawo ka yi haƙuri, ba a koya mana gajarta shi ba. Na aiko maka saƙo da baki, na aiko a rubuce, na zo da ƙafata. Abin da ya rage shi ne in faɗa a kasuwa, kasuwarku ta masu ilimi kuwa ita ce jarida.

Ɗalibinku ɗana ne na fari. Ka san al'adarmu, uba ba ya kama sunan ɗan fari, kuma tun ranar suna har ranar da muka sa shi a ƙasa bakina bai faɗe shi ba. Amma ofis bai san alkunya ba, don haka zan rubuta shi sau ɗaya: Usmanu. Daga nan yaron zan riƙa cewa, ko da yake ya bar mata da 'ya.

Na farko, aikin da yake yi a wurinku.

Ya koma digiri na biyu a shekarar da aka yanka sababbin jihohi aka haɗa mu da Bauchi. Da ya zo hutu na tambaye shi, wai shi karatun nan ba shi da gindi ne? Sai ya ɗebo angurya a buhu cikin zaure, ya fasa ɗaya da haƙori, ya nuna mini wasu ɗigo-ɗigo a cikinta. Ya ce guba ce, ita ta sa saniya ke cin angurya ta yi ƙiba, kaza kuwa ta ci ta sheƙa. Aikinsa shi ne ya tsamo gubar nan, ya yanke mata nan, ya ɗora mata can, har ta zama wani abu dabam da babu irinsa a gona ko a daji, wataƙila ya yi magani. Ya ce, "Baba, ni ma magini ne, sai dai tubalina ido ba ya ganinsa." Na ce maginin da ba ya ganin tubali, da me yake sanin bango ya miƙe? Ya ce in an dafa, an tace, an jira, sai abin ya fito tsaf kamar gishiri, to an hau mataki ke nan. Ya hau matakai da dama. Na ƙarshe ne ya ƙi. Abin ya kwanta a gindin kwalba ja mai kauri kamar manja. Yaron ya sa shi cikin ƙanƙara, ya kankare gilashin da sanda, ya ce har lallashinsa ya yi, abu ya ƙi fita.

Na taɓa kai masa ziyara ya shiga da ni ɗakin gwajinku na da. Na ga samari suna zuƙo ruwan magani da baki ta cikin siririn bututun gilashi, kamar wanzami da ƙaho. Na ga suna wanke hannu da wani ruwa mai warin fetur, wai ya fi sabulu sauri. Na ga wani akwatin gilashi a jikin bango da aka ce shi ke janye mugun hayaƙi ya fitar waje, amma injinsa ya daɗe da mutuwa, kofunan shayi ake ajiyewa a ciki. Ban ce wannan ne ya kashe shi ba. Ajali ne, kuma likitan asibitinmu bai ce komai ba illa jikinsa ya daina yin jini. Na faɗa ne kawai domin akwai 'ya'yan wasu a wurin.

Na biyu, yadda akwatin ya zo gidana.

Lokacin da rigimar ɗalibai ta sa aka rufe jami'a, aka ce kowa ya fice kafin rana ta faɗi, Baturen da ke duba aikinsa ya riga ya gama kwangila ya koma ƙasarsu. An kuma sanar cewa cikin hutun dolen nan za a kwashe tsohon ɗakin gwaji a koma sabon gini, duk abin da aka tarar ba mai shi a zubar. Yaron ya juye tufafinsa daga akwatin ƙarfe ya bar su a can, ya jera kwalabensa a ciki, ya cika tsakaninsu da garin katako, ya hawo jirgin ƙasa yana zaune a kan akwatin har tashar Gombe. Uwarsa ta ga leburori biyu sun shigo da akwati suna nishi, ta yi zaton tsaraba ce, har ta fara lissafin maƙwabtan da za ta aika wa.

Na san ɗaukar kayan nan ba daidai ba ne, shi ma ya sani. Ya ce makonni ne a buɗe makaranta ya mayar. Kafin a buɗe zazzaɓi ya kama shi, dasashinsa ya fara zubar da jini, kafin damina ta ɗauke mun yi masa sutura.

Na uku, abin da ya bar mini.

Da ya ga jiki ya ƙi, ya sa na tura ƙofar ɗakinsa, ya buɗe akwatin, ya nuna mini kwalabe biyu daga cikin sauran. A ɗaya akwai gari rawaya kamar gangamau, kwance a ƙarƙashin ruwa. A ɗayar akwai wasu dunƙule masu ruwan toka kamar gutsuren sabulu, a nutse cikin kananzir. Ya ce, "Baba, wannan mai rawaya, muddin yana jiƙe salihin bawa ne. In ya bushe, ɗan bugu kaɗan zai ɗaga rufin gidan nan. Murfinsa ya tsage a jirgi, ruwan yana gudu, duk sabon wata ka ƙara masa. Na kananzir ɗin kuwa, ko ɗigon ruwa kada ya gani." Na ce, "Wato baƙi biyu ka kawo mini, ɗaya ba ya zama lafiya sai da ruwa, ɗaya ruwa ne ke haukata shi, ka kuma sauke su ɗaki ɗaya." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kwana kaɗan ne, Baba."

Damina biyu ta wuce a kan kwana kaɗan ɗin nan. Duk ranar da aka ga jinjirin wata, washegari da hantsi nakan ɗauki buta in shiga in durƙusa, in kwance murfi a hankali, in tsiyaya, in mayar. Kakata tana yi mana tatsuniyar wani mutum da ya gaji dodo a rumbu, ba ya iya korarsa, ba ya iya daina ciyar da shi. Muna yara dariya muke yi wa mutumin.

Masu wankan gawa sun ce mini yatsun yaron rawaya ne, sun goge har sun gaji bai fita ba. Yanzu nawa ma haka suke. In na ɗaga hannu zan yi kabbara, hannunsa nake gani.

Na huɗu, halin da ɗakin yake ciki.

Zan faɗi abin da na gani, kai ka san sunansa a ilimance. Tun da akwatin ya sauka, tururuwa ba ta ratsa ɗakin, sai ta zo bakin ƙofa ta yi kwana. Ba gizo-gizo, ba tsaka a bango, ɓera ma da ya addabi gidan ya bar mana wannan ɗaki. Kwaɗon da na sa wa ƙofa sabo fil ya yi tsatsa ya ruɓe a hannuna kamar ya shekara a rijiya. Labulen taga ya koma kamar takardar da ta sha wuta, in ka taɓa sai ya zube. Rubutun da ke jikin kwalaben ya dushe, wasu takardun sun faɗo sun cakuɗe cikin garin katako, ba a san ta wace kwalba ba ce. Kusoshin kwanon da ke saman akwatin sun yi ja, na sauran gidan suna nan farare.

Da tsakar rana, lokacin da unguwa ta yi tsit kuma kwano ya ɗauki zafi, akan ji ƙas, can kuma ƙas, kamar mutum na taɓa gilashi da farce. Na san zafi ne ke motsa kwalaben, yaron ya gaya mini. Amma ka zauna kai kaɗai a tsakar gida ka saurara, sai ka ji kamar ana jera kwalabe ana sauya musu wuri, yadda yake yi da ransa. Ga kuma warin. Warin da ke jikin rigarsa ne in ya dawo hutu, ba ya raguwa. Uwarsa, Dada, takan tsaya a bakin ƙofar da tsintsiya a hannu ba ta share komai ba. Na ce mata warin nan ba shi da kyau ga ƙirji. Ta ce, "Malam, ka bar ni, shi kaɗai ya rage da bai tafi ba."

Na biyar, abin da ya faru bayan sadakar arba'in.

Zancen ƙarar ya fita. Wan Dada, wanda muke kira Bappa, mutum ne mai son taimako ko ba a nema ba, ya ce ɗakin yana da motsi. Ya jira na tafi kasuwa ya kawo wani malami da ƙwaryar rubutu domin a yayyafa. Malamin mutumin kirki ne, ba ɗan tsibbu ba ne, abin da ya saba yi wa kowane ɗaki ya zo yi. Ya sa aka buɗe akwatin, ya duba kwalabe, ya ga dunƙulen nan cikin kananzir ya ce ga gidan abin nan. Ya sa tsinke ya tsamo guntu ya jefa cikin rubutun domin ayoyi su ci shi.

Dada na tsaye ta gani. Ta ce abin ya dunƙule ya zama kamar ƙwayar azurfa, ya riƙa zagaya ƙwaryar a guje yana huci, sai ya kama da wuta a kan ruwan, sai ƙwaryar ta tarwatse. Allah ya taƙaita, a tsakar gida aka yi ba a cikin ɗakin ba. Malamin ya rasa gefen gemu da hannun riga. Da na dawo na same shi zaune a zaure yana shafa haɓa. Ya ce, "Malam Garba, na ga wuta ta ci kara, na ga ta ci gari guda, ban taɓa ganin wadda ta iya iyo ba." Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. A gidana ban ba kowa wannan shawara ba.

Tun ranar ɗan garuwa ba ya shigo mana, a ƙofa yake sauke ruwa. Matan unguwa sun daina aiko yara. Wasu na cewa yaron aljani ya kamo a kwalba, wasu na cewa zinariya yake dafawa, kuma na biyun sun fi ba ni tsoro, domin mai tsoron aljani gudu yake yi, mai kwaɗayin zinariya kuwa katanga yake haurowa.

Wanda ya fahimci abin shi ne Bulus, abokin yaron, ɗan Tangale, tebur ɗaya suka yi a ɗakin gwajinku. Ya zo gaisuwa na kai shi ya duba. Ya cire takalmi ya taka a hankali kamar mai shiga ɗakin jariri. Ya leƙa ya ce, "Baba, kar a ɗaga, kar a girgiza, kar a binne. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai an zo da kayan aiki." Yana shirin ja da baya sai idonsa ya faɗa kan wata 'yar kwalba mai zagayen ciki a kusurwa, wadda manjan nan ke ciki. Ya tsura mata ido har na yi zaton wani abin ne ya same shi. Sai ya cire tabarau ya goge ido ya ce, "Baba, ya fito."

Na duba. Daga cikin manjan wasu allurai sun tsiro, sirara, launin lemo, sun miƙe kamar ciyawar farkon damina. Abin da yaron ya jira bai gani ba, ya fito a cikin duhun akwati bayan an rufe yaron da ƙasa. Kuma bai tsaya ba. Duk watan da na shiga sai in ga sun ƙaru, yanzu sun kusa cika kwalbar. Mai aikin yana maƙabarta, aikin yana ci gaba. Wannan ne ya sa ko da ana iya binne akwatin ba zan binne ba. Bulus ya rubuto muku shi ma kafin a yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙasar Katagum. Bai ji amsa ba.

Na shida, zuwana wurinku.

Bayan girbi na hau jirgi na zo. Sakatare ya ce ka tafi taro Legas, ya ba ni kujera mai laushi, na gode masa. Aka tura ni wurin mai kula da sito. Ya saurare ni da kyau, ya ce babu shaidar cewa kayan nan sun fita daga hannunsu, saboda haka a wurinsu ba su fita ba. Na ce to suna ina? Ya ce, "Suna nan." Na ce Allah ya ba ka haƙuri, ashe ni da ke ba su ruwa a Bolari mafarki nake yi. A bakin matakala na tare wani matashin malami, ya ce, "Baba, ka zuba su a masai kawai." Ban zarge shi ba, bai tsaya ya ji abin da ke ciki ba, mota na jiransa. Da daddare na kwana a tasha, da safe na juyo, domin wata ya kusa tsayawa kuma ba wanda zan bar wa butar.

Na bakwai, inda muke yau, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Na kwashe Dada da matar yaron da 'yar jikata na kai su gidan surukina a Gabukka. Ni kaɗai ne a gidan. Idona na dama yanar ido ta rufe shi, na hagu yana bin sawu, har ya kai da wurin zamansu nake bambance kwalaben biyu, ba da gani ba. A bayan katangata wani ya kafa injin niƙa. In ya tayar ƙasa na rawa, kwalaben suna karo da juna a cikin akwatin. Na roƙe shi, ya ce shi ma abincin 'ya'yansa yake nema, kuma gaskiyarsa ne.

Duk wannan ina jurewa. Amma a watan da ya wuce na shiga da buta, na kama murfin mai rawaya, ya ƙi juyawa. Na shafa wuyan kwalbar na ji wani ɓawo ya fito a zagaye da shi, kamar yadda kanwa ke fitowa a bakin tulu. Na kai yatsa kusa da idona na hagu, rawaya ne. A kwanakinsa na ƙarshe a asibiti, yaron ya kama hannuna ya ce in har wata rana murfin ya yi tauri, kada in matsa masa ko kaɗan, domin garin ne ya bushe a cikin zaren murfin, kuma gugar murɗawa kaɗai ta isa ta tayar da shi. Na saki. Na ja da baya na zauna a ƙasa.

Tsagar da ke murfin ta isa ruwa ya fita, ba ta isa ya shiga ba. Na gwada ɗiga masa, a waje yake gangarewa, kuma ba zan yawaita ba saboda maƙwabcinsa na kananzir. Da, ruwan da ke saman garin ya kai gaɓar yatsa. Yanzu bai kai faɗin farce ba. Na sa an shimfiɗa zana a kan kwanon domin inuwa, iyakar dabarata ke nan. Ga bazara ta ƙarato, kai kuwa ko ba ka taɓa zuwa Gombe ba ka ji labarin zafinta.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ka aiko mutanen da suka san abin nan, da kayan aikinsu, kafin zafi ya kankama. In babu su a wurinku, kai ka san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ta soja ce ko ta wata ma'aikata, ni ban sani ba. Ba za su sha wahalar neman gidan ba. Duk wanda suka tambaya a Bolari gidan da wuta ta yi iyo zai nuna musu, daga nesa.

In Allah ya sa an fitar da kayan lafiya, a ware 'yar kwalbar nan mai allurai a auna ta yadda kuke aunawa. In abin da yake nema ne, a rubuta sunansa a kai, 'yarsa za ta girma ta karanta. In ba shi ba ne, a gaya mini haka ɗin, na iya ɗauka.

Sannan a sabon ginin nan a tabbata akwatin hayaƙin yana aiki, a kuma samo wa yaran abin zuƙo magani da ba bakinsu ba.

Ba na neman diyya, ba na neman a hukunta kowa. Laifin ɗauko kayan na ɗana ne, ya tafi inda za a yi masa hisabi da rahama. Amma kayan naku ne, ilimin saninsu naku ne, a bayan katangata kuwa akwai gidaje cike da mutanen da ba su taɓa jin kalmar Kemistiri ba.

Allah ya ƙara maka daraja, ya ba ka ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, ya sa kada ka taɓa sanin nauyin binne ɗa. Allah ya kare ɗalibanka daga abin da suke shaƙa da abin da suke taɓawa. Ni ina nan a zaure, ba don jarumta ba, sai don in na matsa ba wanda zai hana mai tsautsayi shiga. In kun iso ku yi sallama a hankali, kada ku buga ƙofa.

Wassalam.

Naka,
Malam Garba Mai Sikeli,
Bolari, Gombe.